KIWON KIFIN BAKAN-GIZO A AKWATIN GILASHI: JAGORA GA MANOMAN JOS DA KEWAYE

GABATARWA

Idan aka ambaci kiwon kifi a ƙasar nan, tarwaɗa da karfasa ne ke fara zuwa zuciyar manomi, wato kifin da ake kiwo domin tukunya. To amma wannan sana'a tana da wani reshe wanda ba ya buƙatar fili ko tafki, shi ne kiwon kifin ado a cikin akwatin gilashi. Ana iya yin sa a kusurwar ɗaki, kuma mata da matasa da 'yan fansho duk suna iya shiga cikinsa. Daga cikin kifayen ado da suka fi farin jini a duniya akwai kifin bakan-gizo, wanda ya samo sunansa daga launukan jikinsa.

Kifin bakan-gizo ba shi da faɗa, ba ya zaɓen abinci, kuma yana hayayyafa a cikin gida ba tare da allura ba. Sai dai mai kiwonsa a Jos yana da wata matsala wadda takwaransa na Legas ko Lakwaja bai san ta ba, ita ce sanyi. Wannan jagora za ta bayyana yadda ake shirya akwati da ruwa, da ciyarwa, da hayayyafa, da renon 'ya'ya, tare da mayar da hankali ga yadda za a tsare ɗumin ruwa, domin a kansa ne riba ko asarar mai kiwo ta rataya. Duk inda aka ambaci digiri, ana nufin na ma'aunin santigired.

ASALIN KIFIN DA KAMANNINSA

Asalin wannan kifi daga koguna da tafkunan Ostireliya da tsibirin Niyu Gini ne, kuma masana sun sanya shi cikin dangin da suke kira Melanotaeniidae. Jikinsa a shafe yake ta gefe, yana da ɗan ƙaramin baki da fikafikai biyu a gadon baya. Yawanci tsawonsa ba ya wuce santimita 6 zuwa 12. Namiji ya fi mace faɗin jiki da ƙarfin launi, kuma da sassafe ne ya fi nuna adonsa lokacin da yake neman mace.

Kifi ne mai yawo a garke. Idan aka ajiye ɗaya ko biyu sai su zama matsorata, launinsu ya dushe. Saboda haka kada garke ya gaza kifi 6, kuma yawan mata ya kai na maza ko ya ɗara. Idan ya samu kulawa yana iya kai shekara 5 ko fiye.

NAU'O'IN DA AKA FI KIWO

1. Melanotaenia boesemani: Rabin jikin namiji na gaba shuɗi ne, rabin baya kuma ruwan lemo ko rawaya. Yakan kai santimita 11. Asalinsa tafkunan Ayamaru ne a yammacin Niyu Gini, cikin ƙasar Indunusiya. Masana biyu, Allen da Cross, su ne suka bayyana shi a shekarar 1980, suka kuma raɗa masa sunan Marinus Boeseman, wani masanin kifi ɗan ƙasar Holan. Kamun da aka riƙa yi masa domin kasuwa ya rage yawansa a mahaifarsa, har aka sanya shi cikin jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Yawancin waɗanda ake sayarwa a yau haihuwar gidajen kiwo ne.

2. Melanotaenia praecox: Ƙarami ne, kimanin santimita 6, shuɗi mai ƙyalli. Fikafikan namiji ja ne, na mace kuma sun karkata ga rawaya. Daga yankin kogin Mamberamo yake. Shi ya fi dacewa da mai ƙaramin akwati, kuma ya fi saurin balaga.

3. Glossolepis incisus: Namiji ja ne jawur, mace kuma ruwan azurfa. Asalinsa tafkin Sentani ne kusa da birnin Jayapura.

4. Melanotaenia lacustris: Shuɗi ne mai sirkin kore, daga tafkin Kutubu da ke kan tudu a ƙasar Papuwa Niyu Gini. Ya ɗan fi boesemani haƙuri da ruwa mai sanyi-sanyi.

5. Melanotaenia fluviatilis: Daga kogunan Murray da Darling na kudancin Ostireliya yake, inda ake yin sanyi sosai, don haka ya fi sauran jure sanyi. Idan mai sayarwa yana da shi, ya cancanci manomin Jos ya duba shi.

Abin lura: Nau'o'in nan suna barbarar juna idan aka haɗa su, kuma 'ya'yan da ake samu ruwa-biyu ne marasa daraja a kasuwa. A ware wa kowane nau'i akwatinsa na hayayyafa.

YANAYIN JOS DA ABIN DA YAKE NUFI GA MAI KIWO

Jos tana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku. Matsakaicin zafin wata-wata yana tsakanin digiri 21 da 25, amma daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu sanyin dare yakan sauka zuwa digiri 11 ko ƙasa da haka. A watannin Yuli da Agusta ma, lokacin marka, gari yakan wuni a lumshe, ɗakuna su yi sanyi. Maris da Afrilu su ne watannin da suka fi ɗumi.

Wannan sanyi ba sabon abu ba ne a tarihin kiwon kifi a Filato. Gonar kifi ta Panyam da ke ƙaramar hukumar Mangu, wadda aka kafa a shekarun 1950, ta yi suna ne da kifin kaf da aka kawo daga Turai, wanda ke jure ruwan sanyi. Darasin da ke ciki shi ne, a kan tudun nan ana duba yanayi tukuna kafin a zaɓi kifi.

Yawancin nau'o'in bakan-gizo na Niyu Gini suna son ruwa mai digiri 24 zuwa 28. Kifi ba ya ɗumama jikinsa da kansa kamar kaza ko akuya, zafin jikinsa yana bin na ruwan da yake ciki. Idan ruwa ya sauka ƙasa da digiri 22 ya daɗe a haka, kifin zai rage ci, ya daina ƙwai, garkuwar jikinsa ta yi rauni. Mafi muni shi ne hawa da sauka: rana ruwa ya yi ɗumi, da asuba ya yi sanyi ƙalau. 'Ya'yan kifi su ne ke fara mutuwa, manya kuma cuta ta biyo su bayan 'yan kwanaki.

AKWATI DA KAYAN AIKI

Bakan-gizo kifi ne mai ninƙaya da sauri, saboda haka tsawon akwati ya fi zurfinsa muhimmanci. Ga boesemani da incisus da lacustris, a nemi akwati mai tsawon santimita 120, faɗi 40, tsayi 45. Ga praecox, mai tsawon santimita 80 ya wadatar. Ana sanin yawan ruwa ta hanyar ninka tsawo da faɗi da tsayi a raba da 1,000. Misali, 120 sau 40 sau 45 a raba da 1,000 ya ba da lita 216. Kowace lita tana da nauyin kilo 1, don haka teburin da za a ɗora akwatin sai ya zama mai ƙarfi kuma a miƙe, a shimfiɗa farin kumfa a ƙarƙashin gilashin.

Masu aikin gilashi da alminiyom suna iya haɗa akwati. Ga mai tsawon santimita 120 a yi amfani da gilashi mai kaurin milimita 8 zuwa 10, da silikon da aka yi domin akwatin kifi. Silikon na banɗaki yana ɗauke da maganin fumfuna wanda guba ne ga kifi.

Sauran kayan da ake buƙata su ne:

1. Hita mai kashe kanta idan ruwa ya kai zafin da aka saita.
2. Ma'aunin zafi na cikin ruwa.
3. Famfon iska da siririn tiyo da matacin soso.
4. Ƙaramin famfon iska mai aiki da batir domin lokacin ɗauke wuta.
5. Murfi, domin kifin yana tsalle, kuma murfi yana riƙe ɗumi.
6. Tsakuwa mai duhu da aka wanke, da tsire-tsiren ruwa a baya da gefe, a bar tsakiya fili.
7. Bokiti da tiyo da ƙaramar raga waɗanda sabulu ko omo bai taɓa shafa ba.

RUWA

Ruwan famfo yana ɗauke da kilorin. A tara shi a buɗaɗɗen mazubi kwana 2 kafin amfani, ko a sa masa maganin cire kilorin. Ruwan rijiya da na burtsatse suna da kyau idan babu masai ko gonar da ake feshi kusa. Kada a ɗebi ruwan kududdufan da haƙar kuza ta bari sai an gwada shi, domin yana iya ɗauke da burbushin ma'adinai.

Yawancin duwatsun tudun Jos ba su da farar ƙasa, don haka ruwan da ke fita daga cikinsu sau da yawa ba shi da isasshen kalsiyam, kuma yakan karkata ga tsami. Haka ruwan sama yake. Boesemani da lacustris kuwa sun fi son ruwan da ma'aunin tsaminsa, wato pH, yake tsakanin 7 da 8. A gwada ruwa da takardar gwaji. Idan ya gaza 7, a wanke ɓawon kawa irin wanda ake sa wa abincin kajin ƙwai, a ƙulle tafin hannu ɗaya ko biyu a raga a sa cikin akwati. Zai riƙa narkewa a hankali yana daidaita ruwan.

Sabon akwati ba ya karɓar kifi da yawa nan take. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, wadda guba ce. Akwai bakteriya masu amfani da ke zama a cikin soson mataci, suna mayar da amoniya naitirayit, sannan su mayar da shi naitiret mai sauƙin illa. Kafin su yawaita ana ɗaukar mako 4 zuwa 6. A kunna mataci a riƙa jefa ɗan abinci kaɗan har tsawon wannan lokaci, ko a samo soso daga tsohon akwati mai lafiya. Idan soso ya yi datti, a matse shi cikin ruwan da aka zuƙo daga akwatin, kada a wanke shi a famfo.

A canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako. A nan ne masu kiwo da yawa ke yi wa kansu ɓarna: ruwan da ya kwana a tsakar gida cikin hunturu bai dace a zuba shi kai tsaye ba. A sirka shi da ruwan zafi a bokiti, a auna, sai zafinsa ya yi daidai da na akwatin kafin a zuba a hankali. An fi son a yi canjin da rana tsaka.

KARE KIFI DAGA SANYI

Rigakafi ya fi magani. Matakan da za a bi su ne:

1. Wuri: A zaɓi ɗakin ciki wanda iskar hunturu ba ta bugawa. A nisanta akwati daga taga da ƙofa, kada kuma a ajiye shi a kan siminti. Idan akwatuna sun yi yawa, a tara su a ƙaramin ɗaki ɗaya mai silin.

2. Girman akwati: Ruwa mai yawa ya fi jinkirin hucewa. Akwatin lita 200 zai kai safiya da sauran ɗuminsa, alhali na lita 20 ya daɗe da yin sanyi. Ƙaramin akwati ya fi araha a ranar saye, amma a Jos ya fi jawo asara.

3. Rufi: A manna farin kumfa irin na kwalin firij ko talabijin a baya da gefuna biyu. Da dare a lulluɓe akwatin da bargo, a bar ƙofar da iska za ta shiga.

4. Hita: A ƙiyasta wat 1 ga kowace lita, ko ɗan fiye da haka idan ɗakin yana da sanyi. Akwatin lita 200 yana buƙatar hita mai wat 200 zuwa 300. A saita ta a digiri 25 ko 26. Hita mai wat 200 da ta yi aikin awa 10 tana cin yunit 2 na wuta, wato yunit 60 a wata, don haka mai mita ya sanya wannan cikin lissafinsa. A cire ta daga soket kafin a rage ruwa.

5. Ɗauke wuta: A cika gorunan roba da ruwa mai zafi wanda bai tafasa ba, a rufe su a sa su yi yawo a cikin akwatin. Goruna 4 masu lita ɗaya da rabi, da ruwa mai digiri 60, suna ƙara wa lita 200 kimanin digiri 1 ne kawai. Wannan lissafi ya nuna cewa tsare ɗumin da ake da shi ya fi sauƙi a kan maido da wanda ya tsere. Kada a zuba ruwan zafi kai tsaye. A kunna famfon batir, a kuma dakatar da abinci har wuta ta dawo.

6. Gawayi: Kada a kunna gawayi ko risho ko janareta a rufaffen ɗaki da nufin ɗumama kifi. Iskar da ke fita daga gare su tana kashe mutum cikin barci.

A riƙa duba ma'aunin zafi da asuba da kuma la'asar, a rubuta a littafi. Idan bambancin ya wuce digiri 2, rufin bai wadatar ba.

ABINCI

Bakin kifin ƙarami ne, kuma a saman ruwa yake cin abinci. Ana ba shi abincin kifin ado na gwangwani, ko abincin 'ya'yan tarwaɗa mai laushi. A ƙara masa da abinci mai rai sau 2 ko 3 a mako, kamar tsutsar sauro da ƙuman ruwa da yankakkiyar tana, sannan ɗan dafaffen alayyahu. Mai tara tsutsar sauro ya kwashe ta kullum, kada ya bari ta zama sauro a gida. A ciyar sau 2 a rana, abin da za su cinye cikin minti 2 zuwa 3. Idan ruwa ya yi sanyi a rage, domin abin da ba su ci ba ruɓewa yake yi.

HAYAYYAFA

Bakan-gizo ba ya zubar da ƙwansa gaba ɗaya kamar tarwaɗa. Mace tana saka kaɗan-kaɗan kowace safiya har tsawon kwanaki ko makonni. Kowane ƙwai yana da siraran zaruruwa da yake maƙalewa da su a jikin ciyawa. A cikin gida ana maye gurbin ciyawar da tuntun zare.

Yadda ake yin tuntu: A nemi zaren ulu na roba irin na saƙar rigar sanyi, kore mai duhu. A naɗa shi a jikin littafi sau 80 zuwa 100, a ɗaure gefe ɗaya, a yanke ɗaya gefen. A tafasa shi a ruwa zalla, sannan a ɗaura masa guntun kumfa domin ya tsaya a saman ruwa, zaruruwan suna lilo.

Matakan hayayyafa:

1. A zaɓi iyaye lafiyayyu masu kyan launi, waɗanda ba su da karkataccen baya. Gwargwadon iko, maza da mata su fito daga wurare daban-daban.
2. A raba maza da mata mako 1 zuwa 2 ana ba su abinci mai rai.
3. A shirya akwati mai santimita 60 da 30 da 30, wato lita 54, babu tsakuwa, da matacin soso da tuntu 2. Ga manyan nau'o'i a ƙara girmansa. Zafin ruwa ya tsaya a digiri 26 zuwa 28.
4. Da yamma a sa namiji 1 da mata 2 ko 3. Hasken safiya ne ke motsa su.
5. A riƙa duba tuntu da hannu mai tsabta. Ƙwai mai kyau garai yake kamar ɗigon ruwa, girmansa kimanin milimita 1. Wanda ya yi fari fat ya lalace, a cire shi.
6. Bayan kwana 5 zuwa 7 a kwashe iyaye, ko a mayar da tuntun wani akwati mai irin wannan ruwa da zafi, domin manya suna cin ƙwai da 'ya'ya.

Ƙwai yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 7 zuwa 12, gwargwadon nau'i da ɗumin ruwa. Da yake ba rana ɗaya aka saka su ba, 'ya'yan ma ba rana ɗaya za su fito ba.

RENON 'YA'YA

Wannan shi ne mataki mafi wuya. Sabon ɗan kifi bai wuce milimita 4 ko 5 ba, yana yawo dab da saman ruwa, kuma bakinsa ba ya ɗaukar abincin da ɗan tarwaɗa ke ci a ranar farko. Wanda bai tanadi abinci tun kafin ƙyanƙyasa ba zai ga suna raguwa kullum ba tare da ganin gawa ba.

Kwana 7 zuwa 10 na farko: A ba su ƙananan halittun ruwa da ake kira infusoriya. A ranar da aka haɗa iyaye, a cika kwalba da ruwan tsohon akwati, a jefa ganyen latas da aka zuba wa ruwan zafi, a ajiye a wuri mai haske da ɗumi. Ruwan zai yi gurɓi, sannan bayan kwana 4 zuwa 7 ya fara washewa, a ga farar ƙura tana motsi. A riƙa zuba cokali 2 ko 3 sau 4 a rana. A girka sabuwar kwalba duk bayan kwana 3. Ana iya tallafawa da garin abincin kifi mai laushi ƙwarai, a barbaɗa ɗan kaɗan a saman ruwa.

Daga kwana 10: A fara ba su atimiya, wadda masu ƙyanƙyasar tarwaɗa suka sani. A narka gram 25 zuwa 30 na gishiri a lita 1 ta ruwa, a sa rabin ƙaramin cokali na ƙwan atimiya, a saka tiyon iska. A digiri 26 zuwa 28 tana fashewa cikin awa 24 zuwa 36, amma a sanyin Jos takan yi jinkiri ƙwarai, don haka a tsayar da gorar a cikin akwati mai hita. A tace a ɗauraye kafin a ba su. Cikin ɗan kifin da ya ƙoshi yakan yi ruwan lemo.

A rage ƙarfin iska a akwatin reno. A zuƙe datti da siririn tiyo, a canza kashi ɗaya cikin goma na ruwa duk bayan kwana 2 da ruwa mai zafi ɗaya. Bayan wata guda a fara haɗawa da garin abinci, a kuma raba manya da ƙanana. Girmansu yana da jinkiri: sukan kai santimita 3 zuwa 4 cikin wata 3 zuwa 5, cikakken launin boesemani kuwa sai ya shekara ko fiye.

JADAWALIN SHEKARA A JOS

Fabrairu: Gyaran kaya da ƙosar da iyaye.
Maris zuwa Mayu: Babban lokacin hayayyafa, domin gari yana da ɗumi, kuɗin wuta kaɗan ne.
Yuni zuwa Satumba: Reno. A lura da sanyin marka.
Oktoba: Gwada hita, manna kumfa, sayar da rarar kifi.
Nuwamba zuwa Janairu: A dakatar da hayayyafa sai ga mai tabbatacciyar wuta ko sola. A haɗa kifi a manyan akwatuna.

Da wannan tsari, 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe a bazara za su shiga hunturu suna da wata 6 zuwa 8, sun yi ƙwari.

CUTUTTUKA

Farin ɗigo: Ana ganin ɗige-ɗige kamar gishiri a jiki da fikafikai, kifi yana goga jikinsa da tsakuwa. Yawanci yana ɓullowa bayan ruwa ya yi sanyi farat ɗaya. A ɗaga zafin ruwa a hankali zuwa digiri 29, a ƙara iska, a narka gishiri gram 2 zuwa 3 ga kowace lita har kwana 10. Gishiri yana ƙona tsire-tsire, a fitar da su tukuna.

Ruɓewar fikafikai: Ƙazantar ruwa ce ke jawo ta. A ƙara yawan canjin ruwa.

Tarin fukan kifi: Kifi yana ramewa, gyambo ya fito, baya ya karkace. Bakan-gizo yana saurin kamuwa da ita, kuma ba ta da magani mai gamsarwa. A cire wanda ya kamu a binne shi. Ƙwayar cutar tana iya shiga fatar mutum ta rauni, don haka mai ciwo a hannu ya sa safar roba, kowa kuma ya wanke hannu bayan aiki.

Duk sabon kifi a killace shi mako 3 zuwa 4 a akwati daban. Idan mutuwa ta yi yawa a nemi likitan dabbobi ko jami'in kiwon kifi.

KIFIN GIDA DA ZA A FARA KOYO DA SHI

Wanda bai taɓa wannan kiwo ba zai iya farawa da wani kifin ado ɗan ƙasa mai suna Fundulopanchax gardneri, wanda ake samu a ƙananan rafuka a Nijeriya da Kamaru. Namijinsa shuɗi-kore ne mai jajayen ɗigo, tsawonsa kimanin santimita 6. Masu kiwon kifin ado a Turai da Amurka suna riƙe da wani jinsinsa da suke kira da sunan tudun Jos. Yana jin daɗin ruwa mai digiri 20 zuwa 25, yana saka ƙwai a irin wannan tuntu, ƙwan ya fashe cikin mako 2 zuwa 3, 'ya'yan kuma suna cin atimiya tun ranar farko. Wanda ya ƙware a kansa ya koyi rabin aikin bakan-gizo da ɗan ƙaramin jari.

KASUWA DA JIGILA

Masu sayen kifin ado sun haɗa da otal-otal da ofisoshi da makarantu da gidaje, a Jos da Bukuru har zuwa Abuja. Tun da ƙananan bakan-gizo ba su da launi, mai kiwo ya ajiye garken manya a akwatin nuni domin mai saye ya ga abin da za su zama. Ya kuma gaya wa mai saye gaskiya game da hita da yawan kifin da ya kamata ya ɗauka. A rubuta kuɗin iri da abinci da wuta da atimiya kafin a yanke farashi.

Kafin tafiya a hana kifi abinci awa 24. A sa ruwa sulusin leda, sauran iska, a jera ledojin cikin kula. Idan an isa, a bar leda ta yi yawo a saman akwati minti 20 zuwa 30 kafin a buɗe. Mai son shigo da iri daga waje sai ya nemi izinin Sashen Kula da Kifi na Tarayya, ya kuma bi ta hannun hukumar killace kayan gona ta ƙasa, wato NAQS.

GARGAƊI: KADA A SAKI KIFIN ADO A RAFI

A tudun Atherton da ke arewa maso gabashin Ostireliya akwai tafkin Eacham, wanda yake da nasa nau'in bakan-gizo. Wasu mutane suka zuba waɗansu kifaye a tafkin. Ya zuwa shekarar 1987 masana sun nemi ɗan asalin tafkin sun rasa. Waɗanda masu kiwo suka adana a akwatunansu ne suka riƙe irin, kafin daga baya a gano wasu a rafukan yankin. Rafuka da madatsun ruwan Filato ma suna da nasu ƙananan kifaye, kuma baƙon kifi yana iya cinye ƙwansu ko ya kawo musu cuta. Wanda ya gaji da kiwo ya sayar ko ya bayar. Ruwan da aka canza kuma a zuba shi a lambu.

KAMMALAWA

Kafin manomi ya sayi kifi ko ɗaya, ya cika akwatinsa da ruwa, ya rufe shi da kumfa, ya kunna hita, ya auna zafin asuba har tsawon mako 2. Idan ya iya riƙe ruwan tsakanin digiri 24 da 28 duk da ɗauke wuta, to ya shirya wa bakan-gizo. Idan bai iya ba, ya fara da kifin gida ko nau'i mai jure sanyi har ya kammala shiri. Domin ƙarin bayani a tuntuɓi malamin gona mafi kusa, ko Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa da ke Sabuwar Bussa a Jihar Neja.